Tasbihin Momiƙ

Ergash-aka, wato Yaya Ergash, mai gurasa ya shekara arba'in yana cusa kai cikin tanderu, shi ya sa ba shi da gashin gira. Ni Dilbar, da katanga ɗaya ta raba mu a unguwarmu ta Margilan, kullum sai na tambaye shi a cikin gurasar wa ya manta da shi. Yakan ce, "Ƙanwata, da harshenki wutar ta lashe, da unguwa ta huta."

Shi ke manna gurasa, matarsa Sanobar ke buga mata hatimin fure a tsakiya, tana waƙa baki rufe, mmm-mmm, ba kalma ko ɗaya. A hunturunta na ƙarshe waƙar ta ƙaru, tun daga kwaɓa ƙullu har a kashe wuta. Ta rasu da itatuwa suka fara fure. Tun daga nan magana ɗaya ce ke riƙe da shi: "Sanobar ba ta sha wuya ba. Har makon ƙarshe waƙa take yi."

Ni kuwa na san ba haka ba ne. Na taɓa tarar da ita bayan tanderu ta dafe ciki, zufa na tsiyaya. Ta damƙe hannuna ta ce, "In na yi nishi zai bar aiki ya zauna yana kallona. Rantse ba za ki faɗa ba." Na rantse. Ni da ba a ba ni ajiyar magana, shekara uku ina ɗauke da wannan.

Abin da ta bar masa kyanwarta ce, Momiƙ, fara, lukuta, ɓarauniya. In sanyi ya shigo yakan zura ƙafafu ƙarƙashin sandali, ɗan gajeren teburin jin ɗumi, garwashi a ƙasa, bargo a sama, ita kuma ta haye cinyarsa tana ɗan gurnaninta, kurrr-kurrr.

"Tasbihi take yi wa uwar ɗakinta," in ji shi.

"Aka, wadda ta sace mini hanta ranar Juma'a? To ka ce wa malama ta fara da istigfari."

Bana sai ta daina cin abinci. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Na ce a kai ta a duba. Ya ce, "Kasa kunne mana! Gurnanin ya fi na da ƙarfi. Mai ciwo ne zai yi wannan?" Kwana goma muna ja-in-ja. Ranar da ta kasa hawa cinyarsa, na naɗe ta a mayafina na ce ko ya biyo ni ko ya zauna.

Likitar dabbobin da ke bakin kasuwar shanu ba ta kai 'yata a haihuwa ba. Ta tattaɓa cikin kyanwar, ta girgiza kai. Ƙoda ta lalace, mun makara.

"'Yata, amma fa tana gurnani," in ji shi.

"Ergash-ota, baba, ba daɗi kaɗai ke sa kyanwoyi su yi ba. Maƙogwaro ne ke karkarwa, numfashi na shiga yana fita. Suna yi in sun ƙoshi, suna yi wajen haihuwa, suna yi in ciwo ya kai maƙura. Lallashin kansu suke yi."

Ya ɗauki kyanwar muka fito. A mota ya rungume ta a ƙirji, ina jiyo kurrr ɗin daga kujerata. Washegari da hantsi ta mutu, ya binne ta gindin inabin tsakar gidansa.

Na leƙo ta katanga da butar shayi, na tanadi tsokanar da zan sa shi murmushi. Ya riga ni.

"Dilbar." Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Waƙar nan ta Sanobar, ta hunturun ƙarshe. Kin sani?"

Na buɗe baki zan yi ƙarya. Ni da nake shara ta don nishaɗi, ranar ta ƙi fita. Na ce, "Ba ta so ka bar aiki ne, aka."

Ya daɗe yana goge ƙasa daga tafin hannunsa.

"Ni kuma ina ce mata ta ƙara, wai muryarta ce ke sa ƙullu tashi."

Kashegari hayaƙi bai tashi daga tanderunsa ba. Na sayo gurasa a kasuwa na kai masa. Ya jujjuya ta, ya ce hatimin a karkace yake, ya ajiye. Ban yi masa maganar gira ba.