Muryar da Suka Sa a Bakina

Sun sa muryar wata mace a bakina, kuma ubana ya mutu bai sake yi mini magana ba.

Ina budurwa na shiga fim ɗin kaboyi, don na iya hawan doki. A bayan unguwar Yantala ta Yamai muke yi, inda yanzu duk gidaje ne. Kamararsu hoto kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar magana. Mai fim ɗin yakan ce, "Ke dai motsa baki, faɗi abin da kika ga dama." Wata rana aka ba ni bindigar katako in nuna wa wani tsoho, shi ne ubana a wasan. Na murtuke fuska na ce, "Baba, yi haƙuri, rana ta yi zafi, yanzu za mu gama." Tsohon da ƙyar ya danne dariya.

Aka kai fim ɗin Faransa, ya dawo da murya. Wata da ban taɓa gani ba tana Faransanci da bakina, tana ce wa tsohon, "Ba ni da uba, kai kare ne."

Ubana tela ne a Zongo. Bai taɓa shiga sinima ba, masu zaman bakin shagonsa ne suka kawo masa labari. Na durƙusa na rantse masa. Ya ce, "Bakin wa ya motsa?" Ya ci gaba da taka kekensa. Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Bara wasu samari suka same ni, wai sun gyara fim ɗin, za a nuna, za a karrama ni. Na ce, "Zan zo, amma ku ba ni mikoro, abin maganar nan, in faɗi abin da na faɗa ran nan."

"Ba matsala, Tanti," in ji babbansu.

Ranar nunin suka zaunar da ni a gaba, suka ɗora mini furanni a cinya. Maza suka yi ta jawabi a kaina. Mikoro ya bi hannu hannu, bai iso ni ba. Na ja rigar babban samarin, ya ce, "Lokaci ya ƙure, Tanti."

Aka kashe fitila. Da aka zo wurin bindigar, na miƙe na ɗaga murya ta rufe ta matar: "Baba, yi haƙuri, rana ta yi zafi, yanzu za mu gama!"

Aka ce in zauna. Wani ya ce tsohuwa ta ruɗe. Na juya na ce, "Ƙarya ce kuke kallo. Wannan ne abin da na faɗa." Na zubar da furannin na fita.

Wanda nake so ya ji yana cikin ƙasa. Ni ina Kalley, ɗaki guda a gidan ɗiyar ƙanwata, ina saida dambu a bakin ƙofa.