Hannun da Ya Ƙi Kaiwa Baki

A gidanmu na haya a unguwar Alabar, tatsuniya ba ta jiran a gama aiki. Kaka, uwar babana, tana suyar ƙosan da take sayarwa da yamma, mu kuma yaran gidan mu kewaye murhun gawayinta bayan magariba. Bakinta na zuba, hannunta na juya mai. Tana da doka ɗaya: duk abin da aka yi a cikin labari, mai sauraro sai ya kwatanta da jikinsa. In kura ta waiwaya, kowa ya waiwaya. Wanda ya ƙi, babu ƙosai.

A shekarar da nake magana, na faɗa lambatu da bokitin koko a kaina, hannun dama ya karye daidai gwiwa. Mai ɗori a Moshi Zango ya ɗaure shi da karare. Da aka kwance, ƙashi ya haɗe, amma gwiwar hannun ta sandare a lanƙwashe. Ba ta miƙewa, ba ta kuma kaiwa baki. Na koma ci da hagu, yara suna ce mini mai ci da shaiɗan. Na mari biyu daga cikinsu, da hagun.

Ranar nan Baba ya dawo daga kasuwa ya tsaya a kanmu.

"Mma, mai ɗori ya ce a kai ta da safe. Sai an sake karyawa."

Kaka ba ta ɗago ba. "Shi ya ce. Ni ban ce ba tukuna."

"Yarinya mace, ta girma tana ci da hagu?"

"Je ka yi isha'i. Ka bar mini ita."

Na san ƙarar da ƙashi yake yi, na ji ta sau ɗaya. Kaka ta jawo ni jikinta, ta narka man kaɗanya a murfin tukunya, ta shiga murza gwiwar kamar ba komai.

"Ga ta nan, ta biyo hayaƙi."

"Ta shigo mu ji ta!" muka amsa.

Wai wata yarinya ce mai zafin rai, ta rantse ba za ta ƙara durƙusa wa kowa ba. Ta je wurin maƙerin aljanu ta ce ya liƙe mata gwiwoyi da dalma. Ya ce gaɓoɓi 'yan ɗaki ɗaya ne, in ka kashe ɗaya sauran za su bi ta. Ta ce ya liƙe. Washegari ƙugu ya ƙi juyawa. Muka murguɗa ƙugu muka tsaya cak. Sai wuya, wanda ke juyi kamar muciya. Sai kafaɗa.

"Kafaɗa taɓarya ce a cikin turmi," in ji Kaka, tana nuna maƙwabciyarmu Maame Akosua da ke kirɓa sakwara. "Ko ina tana zuwa. Gwiwar hannu kuwa ƙofa ce, buɗe da rufe kawai ta sani. Ita ma ta rufe."

Babu wanda ya yi dariya. Duk suka saci kallon hannuna.

Kaka ta ci gaba. Wai yarinyar ta zauna kamar icce, tuwo a gabanta, yunwa na cin ta. Maƙeri ya ce dalmar ba za ta tsage ba sai ta kai loma bakinta da hannunta, kafin wutar maƙerarsa ta mutu. In ta mutu, shi ke nan, sai guduma.

Nan Kaka ta datse labarin. Ta sauke kasko, ta daina fifita. Ta tsamo ƙosai ɗaya ta danƙa mini a dama.

"Sai me ya faru, Kaka?" in ji yara.

"Ni na sani? Ku tambayi Ladidi." Ta nuna ni da baki.

Garwashi ya fara yin toka. Na ɗaga hannu, zafi ya harbe ni har cikin haƙori. Na sunkuyo da kai, Kaka ta riƙe mini haɓa.

"A'a, 'yar nema. Baki ba ya zuwa wurin hannu."

"Kaka, zai karye!"

"Gobe ne zai karye. Yau ƙofa ce ta yi tsatsa. Tura."

Na ji sallamar Baba a zaure. Na cije, na tura, na kurma ihun da ya sa Maame Akosua ta yar da taɓarya. Wani abu ya ja a ciki kamar tsohuwar igiya. Ƙosan ya taɓa leɓena, mai ya gangaro da hawaye. Na gutsura.

Baba ya dubi ƙosan da ke hannuna. Sai ya ce, "To, Mma," ya shige ɗaki.

Tura ƙofar nan ta ci mu damina guda, kuma har yau hannun bai miƙe sarai ba. Ƙarshen tatsuniyar kuwa Kaka ba ta taɓa faɗa ba.

Ina da jikoki na shiga ajin manya a Asawase. Ƙawayena suka ce me tsohuwa za ta yi a bencin yara. A ajin ne malama ta zana mana gaɓoɓi a allo: mai kewaye, mai buɗe da rufe, mai juyi, da guringuntsin da ke hana ƙashi goga ƙashi. Ta ce a ƙoƙon kai ma akwai mahaɗai, amma su a ɗinke suke, ba sa motsi. Shekara da shekaru ina zaton Kaka ladabi take koya mini, wai in riƙa durƙuso, har ina jin haushinta. A bencin nan na tuna hannunta a haɓata. Gwiwa ta lanƙwashe, hannu ya yi wahala, amma kaina ba ta bari na sunkuyar ba.

Na ɗauki alli da dama na rubuta sunana.