Yadda na goge ƙauyenmu da bik

Shekarun baya, lokacin da tashin hankali ya kori mutanen bakin Komadugu daga gidajensu, 'yan ƙauyenmu suka sauka a Assaga. Ni kuwa ina Diffa, na gama lakkol ina zaman jiran aiki. Da aka nemi masu rubuta sunayen 'yan gudun hijira don a ba su kart na karɓar abinci, aka ɗauke ni saboda ina jin Barbarci. Aka ba ni bik, alƙalamin rubutu, da tarin takardu, na riƙa tafiya kamar ni ne gwamna.

A takardar akwai lis na garuruwa, namu ba ya ciki. Ƙauye ne na gida talatin da 'yan kai, manoman tattasai, ko a taswira babu shi. Layi ya yi tsawo, rana ta take, sai kawai na rubuta duk mutanenmu ƙarƙashin babban garin da ke gabas da mu. A ganina abinci ake nema, ba asali ba.

Ranar da kart ya fito, baffana, yayan mahaifina, ya sa aka karanta masa nasa. Ya aiko a kira ni.

“Kai ka rubuta wannan?”

Na ce, “Ni ne, Baffa. Ai duk ɗaya ne, buhun ba ya canjawa.”

“Mutanen can kakanmu ne ya ba su wurin zama. Yau ɗan cikinmu ya mayar da mu baƙinsu? Gobe in an ce a koma, bulaman wa zai raba gonakin bakin kogi?”

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ya ajiye kart ɗin a kan tabarma, ya ce ba za a ci ko ƙwaya da shi a gidansa ba. Mutum tara ne a gidan. Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Aka yi rabo na farko, bai aika kowa ba. Matarsa ta tare ni bayan bukka ta ce, “Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Yara kunu suke sha sau ɗaya a wuni.”

Na tafi biro, ofishinmu, da kunya. Shugabanmu ya ce ana iya ƙara suna, amma sai na kawo takarda mai nuna ƙauyen gari ne mai zaman kansa: yaushe aka kafa shi, ina yake, su wa suka riƙe shi. Na sayi kaye, littafin rubutu, na koma wurin tsofaffi, abin da ban taɓa yi ba duk tsawon karatuna.

Na tambayi shekara, suka yi mini dariya. Su ba da shekara suke lissafi ba, da maƙabarta suke yi. Kogin nan ba ya zama wuri guda, in ya ci gaɓa sai gari ya matsa ya bar matattunsa. Sau uku ƙauyenmu ya tashi, maƙabarta huɗu ke nan har da ta yanzu, kuma baffana ya san wanda aka fara binnewa a kowace. Ta farko ma yanzu tana ƙetaren ruwa, ɓangaren Najeriya. Ya lissafa mini bulama bakwai, da rijiyar da ta yi gishiri aka bar ta, da shekarar da aka fara shuka tattasai bayan gero ya ƙi. Kwana uku ina rubutu, hannuna har ya ƙage.

Na juya rubutun zuwa Faransanci, tsofaffi suka dangwala yatsa, na kai. Sai da aka yi rabo na biyu ba tare da gidan baffana ba kafin sabon kart ya fito. Makonnin nan ban ci abinci da daɗi ba, ko na kai musu ɗan abin da na samu, na san ba ya isa.

Na kai masa kart ɗin da kaina. Ya miƙa wa matarsa ya ce ta tafi layi, ni kuma ya ce in karanta masa kayen daga farko. Na karanta har ƙarshe ina jiran a sa mini albarka.

Ya ce, “Saura tashi na biyar.”

Na ce, “Na Assaga ne na huɗu, na sa shi, Baffa. Ai sun ƙare.”

“A'a. Wanda ɗan gari ya tashe mu da bik. Rubuta, shi ma tarihi ne.”

Na duba fuskarsa ko wasa yake, ba wasa yake ba. Na rubuta.

Yau mutanenmu sun koma, gonakinsu na hannunsu, baffana kuma yana kwance a maƙabarta ta huɗu. Har yanzu aikin cike takardu nake yi, sai dai in mutum ya faɗi garinsu ban gan shi a lis ba, ajiye bik nake yi in tambaye shi labari. Kayen yana wurin bulama. Duk baƙon da ya nemi tarihin ƙauyen shi ake karanta masa, kuma ba a tsallake layin ƙarshe ko ina zaune a wurin.