Ustad Bakht Zamin da Layin Kwano

Duk wanda ya zauna a tashar manyan motoci ta Peshawar ya san Ustad Bakht Zamin, ko yana so ko ba ya so. Rumfata na jikin tasa. Ni ke zana ɗawisu da furanni a bodin motoci, shi kuma ke kirana mai shafa wa jaki kwalli. Na sha haƙuri da mutumin nan.

Tun yana saurayi sana'arsa ɗaya ce tal: wanke kwanon iska. Tsofaffin motocinmu ba sa shaƙar iska kai tsaye, sai ta bi ta wani kwano mai baƙin mai, ƙura ta nutse a ciki, sannan ta wuce injin. Ustad zai kwance kwanon, ya yashe taɓon da yatsa, ya wanke ragar wayar da kananzir, ya shanya, ya zuba sabon mai daidai wani layi da ke jikin ƙarfen. Aikin ke nan gaba ɗaya. Birki bai iya ba, giya bai sani ba, amma in yana bayani sai ka rantse likitan zuciya ne.

"Layi layi ne," haka yake ce wa direbobi, leɓensa cike da garin taba. "Ka rage, injin ya ci ƙasa. Ka ƙara, ya zuƙi man ya haukace, ko ubanka bai isa ya kashe shi ba."

Sai matatar iska ta takarda ta shigo gari, wadda ake cirewa a yar a sa sabuwa. Motoci suka riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya. Ustad ya zage su, ya zagi takardar, ya zagi wanda ya ƙirƙiro ta, ba abin da ya tsaya. Ƙarshe mota ɗaya ta rage masa a duk tashar, tsohuwar gingimarin Haji Sardaraz. Kowa ya san ranar da motar nan ta daina zuwa, Ustad ya tashi daga Ustad, wato gwanin sana'a, ya koma tsoho mai warin kananzir. Shi ma ya sani, don da ya hango ta sai ya gyara hula.

Ran nan Haji ya zo da baƙi, surukansa daga garin Kohat, zai nuna musu sabon fentin da na yi. Aka shimfiɗa musu gadajen igiya, aka kawo koren shayi. Ustad ya samu 'yan kallo, ya yi ta juya kwano kamar mai raɗa wa jariri suna. Ya zuba mai, ya tsaya cak a layi.

Haji ya leƙa. Mutum ne da bai san komai a mota ba sai launinta.

"Ustad, wannan fa? Rabi?"

"Haji Sahib, iyakarsa ke nan."

"Iyakarsa ko iyakarka?" Ya juya wajen baƙinsa yana dariya. "Kun ga mutanen birni ko? A gidana ko almakashi ka zo aro sai an cika maka kofi ya zuba. Shi motata ce baƙuwarsa, ga abin da ya ba ta."

Wani tsoho cikin surukan ya ce, "Ƙyale shi, Haji. Wataƙila a gidansu haka aka saba."

A nan ka ce wa mutum ɓarawo, zai iya kwana da ita. Ka ce masa marowaci a gaban baƙi, ka haɗa har da gidansu, ka gama da shi. Na ga kunnen Ustad ya yi ja. Wallahi na tausaya masa, ni da ban taɓa ba.

"Ustad," na ce a hankali, "layi fa."

"Koma wa jakinka," ya ce.

Ya ɗaga galan ya tuttula har mai ya malalo ta baki, ya ɗaura kwanon, ya share hannu a riga. Ya fi kowa sanin abin da zai biyo baya.

Direba ya murza makulli. Injin ya tashi lafiya, sai ya fara kuka, kukan na hawa. Direba ya zare makullin, injin ko a jikinsa. Hayaƙi ya rufe ɗawisuna, surukai suka watse, tsohon nan ya bar takalmi ɗaya a ƙarƙashin gado. Daga nan muka ji ƙara kamar an fasa tulu a cikin ƙarfe, sai shiru.

'Yan gwangwan ne suka ja motar. Haji ya sayi sabuwa mai takarda, bai ƙara bi ta layinmu ba.

Har yau Ustad na fitowa da safe, ya share rumfa, ya jera tsummokara, ya zauna. Ba mai zuwa. Jiya na kai masa shayi, ya karɓa yana kallon titi.

"Ka dai gani da idonka," ya ce. "Na cika masa."