Garayar Maroko ta sa Hajiya hawaye

Muna cikin tasi daga asibiti za mu koma masaukinmu a unguwar Deira ta Dubai, mahaifiyata tana kujerar baya, sai direba ɗan Maroko ya kunna kiɗan ƙasarsu. Wata tsirkiya ce mai kauri take gurnani, ga ƙarafa suna kacau-kacau kamar sambani.

Ina waiwayawa na ga Hajiya ta rufe ido, kanta yana rangaji, hawaye na zuba.

Gabana ya faɗi. Yanzu likita ya gama ja mana kunne a kan hawan jininta. Kuma a Kano na tashi, na san abin da garaya take tayarwa a jikin wasu. Na kama Ayatul Kursiyyu, na ce da direba da guntun Larabci, "Khalas, habibi, ya isa, kashe."

Hajiya ta buɗe ido. "Kai Sani, wa ya aike ka?"

"Hajiya, jikin ne? Ko mutanen ɓoye ne?"

"Mutanen gidanku. Kakanka nake ji. Haka yake kaɗa garaya a zaure in sun dawo farauta. Tun rasuwarsa ban ƙara jin irin hannun nan ba."

Na sauke ajiyar zuciya. Na tambayi direba, ya ce Ginawa ake kiran kiɗan, kakanninsu daga wajenmu aka haura Sahara da su.

Hajiya ta ce, "Ashe ɗan gida ne. Ya ƙara murya."

Wata guda muna Dubai, yau ne ta cinye abincinta tas. Ni da na kawo ta neman magani, saura ƙiris in kashe wanda ya yi mata aiki.

Ku wane sauti ne yake mayar da ku gida?