Ramin da Muka Kusa Cikewa a Bayan Tsafe

Mun tashi daga Gusau da asubar Talata, ban ma gama addu'ar bayan salla ba direba ya fara danna oda kamar gobara ta kama unguwa. Mu huɗu ne a tsohuwar fijo: shugaban kwamiti, sakatare da jakar takardunsa, direba, sai ni. Aikinmu shi ne mu zagaya wuraren da aiki ya mutu, mu tsara wa mutanen da aka sallama yadda za su ci abinci. Ni kuwa shekara goma sha tara na yi ina shayar da injina baƙin mai a tsohuwar tashar wutar garinmu, har ranar da aka sa mata kwaɗo aka ce daga yanzu wuta daga nesa za ta riƙa zuwa. Sai aka sa ni a kwamiti in wakilci waɗanda abin ya shafa. Wato ni ne likita, ni ne kuma majinyaci. Har muka dawo ban gane wanne aka fi so in zama ba.

Mai ne ya fara tsayar da mu. Gidajen mai duk a rufe, layin motoci kuwa na rantse wutsiyarsa ta kusa Funtuwa. Dole muka sayi na bumburutu a bakin hanya, galan ɗaya a kuɗin da shekarun baya nake sayen tunkiya har da igiyarta. Launinsa kamar shayin da aka manta a wuta. Fijo ta sha, ta yi tari uku, ta haƙura.

Hanyar Tsafe dai kun san ta. Akwai ramin da in mota ta faɗa, sai ka gaisa da mutanen da suka riga ka shiga kafin ka fito. Mun wuce duwatsun Kwatarkwashi rana na fitowa, muka isa Tsafe da hantsi, muka tsaya karyawa. Wata dattijuwa ce ke sayar da hoce da kunu a gefen tasha. Hoce biyar na ci. Shugaba ya ce tara ne, amma shi ma'aikacin ofis ne, sun saba ƙara lamba.

Daga nan muka bar kwalta, muka yi ta karkarwa har wani ƙauye da wani kamfani ya shekara da shekaru yana haƙar wani farin dutse. Abin da ake yi da dutsen, ko su masu haƙar ba su sani ba. Wata rana aka huda idon ruwa a ƙasan ramin, ruwa ya fi ƙarfin kamfani, ya kwashe motocinsa ya tafi, ya bar leburori da rami mai cike da ruwa.

Mai gari ya tarbe mu a ƙarƙashin tsamiya, ya haɗa mu da tsohon heluman leburorin, wani dogon dattijo mai furfura, shi zai yi mana jagora. Daga nan kaina ya fara ɗaurewa. Kowa sanye da tsumma, tsumman da ko karena ba zan shimfiɗa wa ba, amma kumatu sumul-sumul. Ga warin albasa ya cika garin, alhali ban ga ko ganyenta ba. Da za mu ga ramin, ga hanya shararra jakuna sun daddale ta, amma heluma ya karkata da mu ta cikin ƙaya muka hau wani tudu, har babbar rigar shugaba ta bar rabinta a jikin sarƙaƙiya. Daga saman tudun muka hango ruwa kore shar. Gefe ɗaya kuwa an ja dogon zana an kare.

Na tambayi abin da ke bayan zanan. Heluma ya ce, "Wurin wankan mata ne, ranka shi daɗe." Nan take mu huɗun muka juya ƙeya, sakatare har da istigfari. Amma kunnena ya jiyo wani abu. Wani inji ne ke tari can ƙasa, aka kashe shi da sauri. Ni da na kwashe rabin rayuwata a gindin inji, na san injin ban ruwa ne, na kuma san fulog ɗinsa ya gaji. Da na faɗa, aka ce mini injin niƙa ne. Na ce a raina, to, matan garin nan a cikin ruwa suke niƙa.

Muka koma tsamiya aka buɗe taro. Shugaba ya tambaya ko ramin na da wani amfani. Heluma ya dafe ƙirji ya ce, "Wanga rami? Masifa ce. Sauro, macizai, awakinmu sun ƙare a ciki. Ba mu da komi, yallaɓai, ko ruwan miya." Jama'a suka amsa da nishi gaba ɗaya kamar an yi musu bita. Sakatare ya rubuta har alƙalaminsa ya yi zafi. Shugaba, mutumin kirki, idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙe ya sanar cewa kwamiti zai ba da shawarar a aiko katafila kafin damina a cike ramin, a kuma ɗauki tsofaffin leburori aikin cikon na wata uku. Jama'a suka shiga kallon juna. Can mai gari ya ce madalla, kowa ya ce madalla, domin ba a musa wa baƙon gwamnati magana a gaban mai gari. Aka dangwala yatsu a takarda. Muka shiga mota muna jin kanmu kamar waɗanda suka dawo daga aikin Hajji. Ni kaɗai ne warin albasa ya biyo har Gusau.

Washegari muka nufi Bungudu, inda da yawa daga abokan aikina na tashar wuta suke, wasu daga Furfuri suke zuwa a keke a zamanin aiki. Sakatare ya karanta musu tsarinmu: za a koya musu ɗinki, saƙa da yin sabulu. Wani tsohon abokina, wanda hannunsa ya kai faranti faɗi, ya ɗaga shi ya tambaya ta ina zai kama allura. Sauran tambayarsu ɗaya ce, yaushe za a tada injin. Duk suka zubo mini ido, ni kuma na zuba wa shugaba, shugaba ya duba agogo. Aka kawo fura da nono, kwano ɗaya sai da hannu biyu, muka fake da sha.

Muna cikin haka sai ga kabu-kabu ya tsaya da buhu a ɗaure a baya. Wani dattijo ya sauko cikin shadda mai sheƙi da hula sabuwa. Sai da ya yi sallama na gane heluma ne. Tun safe yake bin sawunmu, daga Tsafe zuwa ofishinmu a Gusau, daga can zuwa nan. Ya kwance buhu, albasa ta gangaro, kowace kamar kan jariri.

Ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Bayan zanan nan lambuna ne, albasa da tumatir da barkono, gidaje da yawa da ruwan ramin suke ci tun da kamfani ya tafi. Tun kakanninsu, in aka ce ma'aikacin gwamnati na zuwa, ɓoye shanu ake yi a sa tsumma, don mai jaka ba ya zuwa sai da haraji a bayansa. In kuma rabon taki ne, wanda ya fi kuka shi ake ba. Su taki suke hange, sai ga katafila.

Shugaba ya ce to a gyara, a rubuta cewa akwai lambuna. Heluma ya kama ƙafarsa: "Don Allah kada a rubuta, Alhaji!" Shugaba ya ce to a bar maganar ciko yadda aka rubuta ta? "Wannan ita ce mutuwarmu." Sakatare ya ɗaga takardar da yatsunsu ke kai, ya ce shi ba zai mayar wa ofis farar takarda ba, dole a rubuta wani abu. A rubuta akwai, haraji. A rubuta babu, katafila. Muka zauna mu huɗu muna kallon albasa, ita ma tana kallonmu.

A nan ne shekaruna na aikin gwamnati suka yi rana. Na tuna rufin tasharmu da ke yoyo, wanda aka ce ana nazari a kansa tun ina saurayi, har aka rufe tashar ba wanda ya taɓa shi. Na ce a rubuta: kwamiti yana ci gaba da nazari a kan ramin. Shugaba ya gyaɗa kai, ya ce wa sakatare ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa.

Kafin heluma ya hau kabu-kabu na ja shi gefe, na ce ni ma fa ba ni da aiki, ko za a sam mini ɗan fili a lambun. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Wane lambu?" Sai da direba ya tada mota sannan heluma ya sunkuyo ta taga ya raɗa mini: "Ka taho ran Asabar, ban da motar gwamnati. Ka riƙo sifanunka, injin niƙan nan namu na tari."

Mun shigo Gusau da la'asar, mota na warin albasa, uwargida ta karɓi kasona ba ta tambayi komai ba. Abin da na koyo a tafiyar nan, jama'a, bai taka kara ya karya ba: in za ka tsara wa mutane abincinsu, fara gano abin da ke bayan zana, ka kuma je a ƙafa. Mun fita mu huɗu mu sama wa ɗaruruwan mutane abin yi, mutum ɗaya tak ya samu, shi ma su suka ba shi. Na riga na wanke sifanuna. Tsumman da zan sa ran Asabar ne har yanzu uwargida ke nema mini.