Kyanwata Ta Yi Hijira Zuwa Gidan Soya Kifi

Ya ku manyan Gobir da ƙanananta, daga Sabon Birni har Isa, ina neman izinin tsayawa gabanku da kai a sunkuye.

Kwanakin baya na tafi Kamarawa wurin Gwaggo Hassi, tsohuwar da ke tsintar kyanwoyin da aka yasar tana jinyarsu. Na zaɓi wata mai launi uku, fari da baƙi da ruwan goro. Kafin ta miƙo mini ita, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, kana iya riƙon mussa kuwa?"

Na bugi ƙirji na ce, "Gwaggo, kakannina ne suka riƙe birnin Alƙalawa shekara da shekaru a gaban mayaƙan jihadi."

"Su ma ai daga ƙarshe ya kuɓuce masu," in ji ta. "Za ni zo ran kasuwa. In ta rame, da ita za ni koma."

Jama'a, tarihi ya maimaita kansa. Na karrama baƙuwata da ragowar tuwon dawa, ta shinshina, ta haura katanga. Yanzu da dare kaɗai take leƙowa, tana ƙyalli, bakinta na ƙamshin kifi. Ko kallona ba ta yi.

Gobe ce kasuwa. Saboda haka, ya kai maƙwabci mai soya kifi da ka ci ni da yaƙi, ban nemi fansa ba. Ka ara mini kyanwata ta yini guda, ka haɗo da kan kifi.